Dattijon Gandun Darbejiya

Wata Lahadi ni da abokina Okoro, mai kanti a kasuwa, muka hau kekuna shan iska a hanyar tsakuwa ta gandun darbejiya. Ina ta koya masa ladabin Barno, ni akawun da bai shekara a Maiduguri ba.

Can na hango dattijo tsaye cikin itatuwa, da babbar riga da malafa. Na sauka, na tuɓe takalma, na durƙusa kan ƙaya, na yi masa gaisuwar Barno. "Lale, Baba, wushe!" Shiru. Na ce wa Okoro manya haka suke.

Mai gadin gandun ya leƙo ya ce, "Malam, mutum-mutumi ne, saboda ɓarayin itace muka kafa shi."

Har yau in na shiga kanti, Okoro sai ya rusuna: "Akawu, Baba ya amsa kuwa?"