Ranar da Kitsona Ya Je Ofis Ba Ni

Ba zan taɓa mantawa da wulaƙancin da firinta ta yi mini ba, ni da sai da na aurar da 'ya na zauna a aji, na kuma samu aikin ofis a unguwar Kongo da gumina.

Lokacin ƙafa ta hana ni fita, sai aka haɗa mini yadda zan riƙa shiga kwamfutar ofis daga ɗakina a unguwar Kwarbai, cikin ganuwa. Malam Sani, mai kula da na'urorinmu, ya ce, "Hajiya, kafin ki shiga akwai wurin da za ki danna don ta gane firintarki ta gida."

Na ce, "Malam, ba jiya aka yaye ni ba." (Ban danna ba. Ban ma ji ƙarshen maganar ba.)

Ana gobe bikin ƙanwata na nemo hoton wani kitson shuku da aka taɓa yi mini, kai ba ɗankwali, na karkace ina murmushi, don in aika wa mai kitso. Na danna bugawa. Shiru. Na sake. Na zare waya na mayar, na daka wa firintar duka, na ci gaba da dannawa ina zaginta har kakanninta.

Sai ga kiran oganmu, Alhaji Garba, dattijon da ko gaisawa muke ƙasa yake kallo.

"Hajiya, ya jikin? Don Allah ki daina dannawa."

Ashe tunda ban nuna wa kwamfutar firintar gida ba, ta ofis take aika wa, wadda ke tsakiyar maza. Kaina ke ta fitowa yana zubewa a ƙasa. Duk sun juya wa injin baya suna istigfari, an rasa mai ɗauka, sai da aka kira wata abokiyar aikinmu, Maman Ummi, daga wani sashe ta tattara a cikin mayafinta.

Har yau ina kan bakana: wane irin inji ne wannan, yana ganin firinta a gabansa ya tsallake ganuwa ya kai sirrin matar aure Kongo? Malam Sani kuwa da na koma, wurin dannawar kawai ya nuna mini da biro, yana kallon silin.

Yanzu nakan bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Hoto kuma, ko na fasfo ne, sai da hijabi.