Allurar Yagana a Rigar Nutso

"Gajiya ta bi lafiya. Ina kwanan mijin da ya jibge wa matarsa jaka ya gudu?"

"Lafiya lau, tsohuwa. Ai gadi na ba ki, tunda ba ki da aiki sai faɗa da kaji."

Yagana na zaune a ƙofar ɗakinta, a gidan ɗanta da ke Potiskum, tana ɓare gyaɗa a faifai. Wanda ya durƙusa gabanta Babaji ne, jikanta, wanda ya ci sunan marigayi mijinta Zarami. Shi ya sa ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai maigida, in kuwa ya ɓata mata rai, ɗan banzan miji. Yaron ya karanta ilimin halittun ruwa, ya koyi nutso a Legas, yanzu kuma masu bincike sun ɗauke shi aiki a Bahar Maliya. Gobe zai hau motar Kano, daga can sai jirgi. Tun ranar da aka gaya mata tuwo ya daina wuce mata da daɗi, don tsoronta guda ne: ya shiga ruwan nan ya ƙi fitowa.

Jiya ya kawo jakarsa ɗakinta saboda ƙannensa masu hannun ɓarna. Yana fita ta zuge ta, ta zaro rigar nutson da ake ta zancenta a gidan, wata baƙar aba marar hannu, mai tiyo a kafaɗa. Ta ɗauko layar Zarami, wadda yake ɗaurawa a damtse in zai tsallaka kogin Gashuwa da shanu, ta ɗinke ta tsaf daga ciki, daidai saitin zuciya. Zaren ma sai da ta sha fama kafin ya shiga allura, amma ba ta kira kowa ba. Tun daga lokacin take jin ranta wasai, har ta ƙara loma da dare.

"Miƙo min kayana in duba," in ji Babaji. "Na san halinki, ƙila kin sayar kin sayi goro."

"Wa zai sayi wannan tsumman? Ni na ɗaga shi, ko ɗankwalina ya fi shi nauyi. An cuce ka, maigida. Kakanka ko akuya zai saya a kasuwar shanu sai ya cicciɓe ta ya ji nauyinta."

"Au, ashe kin buɗe."

"Jakar mijina ce. Kai ƙarata."

Ya yi dariya ya shiga ya fito da rigar, ya baza ta a kan tabarma. "Rashin nauyin nan shi na nema, Kaka. Jirgi ba motar Fika ba ce da za a loda buhu har kan direba. Auna kaya suke yi. Wannan sai in naɗe ta kamar sallaya in cusa a jaka."

"To ina bargon? Ka shiga ruwa da falmaran, sanyi ya kama maka haƙarƙari, wa zai dafa maka citta?"

"Ruwan can ɗumi gare shi, kamar wanda kike surka wa kanki na wanka. Masu shiga ruwan sanyi su ke neman ƙatuwar riga. Ni wannan ta ishe ni."

"Ruwan da ya cinye Fir'auna da rundunarsa, shi ne mai ɗumi? Kai da ka yi kuka ranar da ka faɗa kwatamin bayan gida."

"Ina yaye a lokacin."

"Har yanzu ban ga an gama yaye ka ba."

Babaji ya ɗaga rigar yana nuna mata. Ya ce a cikinta akwai jakar iska. Tukunyar iskar da zai shaƙa a baya ake ɗaure ta, ita a can za a ba shi. In yana son ya nutse sai ya saki iskar rigar kaɗan kaɗan, in yana son ya tsaya a tsakiyar ruwa sai ya daidaita, in ya fito sama sai ya cika ta, ta riƙe shi kamar yadda gora ke riƙe masunci.

"Sai ka ce gora tun farko," in ji Yagana. "Duk wannan karatun, ashe gora ka je ka sayo a wurin Bature. Da ka tambaye ni da na sa an yanko maka a ƙauyen Mamudo."

"Gora ba ta shiga jirgi. Ke ma da za a auna ki da surutunki, ba za a ɗauke ki ba."

"Ni da na je Makka kana cikin zani?"

"Tsaya ki ga ikon Allah."

Ya sa tiyon a baki ya hura. Rigar ta fara kumbura, Yagana na kallo tana taɓe baki, a ranta kuwa tana yaba ɗinkinta da bai nuna ba. Ya cire bakinsa, sai aka ji wata 'yar ƙara siririya, siii, kamar ta tayar keke da ta taka ƙaya. Babaji ya kara kunne. Ya juya rigar, ya bi da yatsa, har ya tsaya a kan wani ɗan tudu da aka zagaye da jan zare.

Gyaɗar da ke hannun Yagana ta zube. Sai yanzu ta gane me allurarta ta ratsa jiya, lokacin da ta ji yadin ya yi tauri ta ƙara dannawa da ƙarfi. Abin da zai ɗago shi sama shi ta huda da hannunta. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda.

Babaji ya daɗe yana kallon ɗinkin. Ƙanana ne, a jere, irin wanda take yi masa a wuyan riga yana firamare, kafin idonta ya raunana. Ya san layar, ya sha ganinta a cikin adakarta.

"Kaka, wa ya saka miki zaren?"

"Ni na saka," ta ce a hankali. "Na lalata ko? Gaya min gaskiya, kada ka rufa min."

"Kin huda ta dai. Da a ruwa na gano, da na sha wuya. Amma a tsakar gida muka gano, kuma tana gyaruwa."

"Ni dai so na yi wani abu nawa ya bi ka can ƙasa, inda ba zan iya zuwa ba."

Ya sunkuyar da kai kamar mai neman abu a jaka. Da ya ɗago sai ya ɗaure fuska. "Yau na tabbatar. Auren nan kin gaji da shi, gado kike so ki ci."

"Gadon me? Caja da takalmi ɗaya?" Ta dai samu ta rama.

"Ɗauko reza, malama mai aikin tiyata. Ke kika ɗinka, ke za ki farke."

Ta farke, shi kuma ya cika baho da ruwa, ya hura rigar ya danna ta ciki yadda masu faci ke yi. Duk inda kumfa ta taso sai Yagana ta nuna da yatsa, ya yi alama. Ya shanya ta ta bushe, ya ɗauko ɗan gam da ƙyallen facin da suka zo tare da ita, ya bi hudojin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce sai gam ya kwana, kuma ko ya isa can ba zai shiga ruwa da ita ba sai masu gyaran kayan nutso sun gwada ta. Sannan ya zuge wani ƙaramin aljihu a gefen rigar, ya saka layar, ya zuge.

"Kin ga, da aljihunta. Tambaya kawai za ki yi."

"Matar kirki ba ta tambayar miji kafin ta yi masa alheri."

"Alherinki saura kaɗan ya kai ni gaisuwa wurin Fir'auna."

Washegari da hantsi ya zo sallama, jaka a kafaɗa, mai adaidaita na jira a waje. Rigar na kan gadonta inda ta kwana, ba ta bar ko kaza ta leƙa ɗakin ba. Zai sa tiyon a baki ya gwada, ta miƙa hannu.

"Kawo nan."

"Da wane huhun? Ke da hura wuta sai kin huta sau biyu."

"Na ce kawo."

Ya nuna mata inda za ta danna. Ta riƙe tiyon da hannu biyu, ta yi addu'o'inta ƙasa ƙasa, irin waɗanda take tofa masa a ka tun yana jariri in zazzaɓi ya kama shi. Wannan karon ba ta tofa a kansa ba, cikin rigar ta hura. Ta huta, ta sake karantawa, ta sake hurawa, har rigar ta ɗan tasa. Suka kara kunne su biyu. Shiru, babu ƙara.

"To, ga shi nan," ta ce tana haki. "Numfashina ne a ciki, aro na ba ka. Ka dawo min da abina."

"Kaka, sai na sace iskar kafin in naɗe ta. In zan nutse ma sakinta ake yi."

"Ka saki taka. Tawa ka bar ta."

Babaji ya dubi rigar. Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa.

"Kin ci, tsohuwa."

Bai naɗe rigar ba. Ya rataya ta a kafaɗa da 'yar kumburinta, ya durƙusa ta dafa kansa, ya fita da ita haka.