Saiwar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da ɓarnar da na yi wa surukina a farkon aurenmu da Hawwa.

Baba tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ba ya son yawan magana, kuma tun asali bai ga abin da 'yarsa ta gani a jikina, ni mai sayar da takalman gwanjo a kasuwar Dembe ba. A gidansa na unguwar Abena, ƙarƙashin darbejiya, ya rataye wani guntun ice da wasu saiwoyi masu launin toka suka nannaɗe. Ba ganye, ba ƙasa, ba tukunya. Kullum da safe sai ya fesa musu ruwa, yana yi musu kallon da ni ban taɓa samu ba.

Ni kuwa Bahaushe ne, in na ga saiwa magani na gani. (Tsoho ya haura saba'in yana tafiya kamar soja, me kuke so in zata?) Ga kunyar suruki, sai na ƙi tambaya, na yanke wa kaina hukunci.

Da zai tafi Mundu ta'aziyya ya kira ni. "Ka riƙa fesa wa saiwar nan ruwa da safe. Kada rana ta taɓa ta."

Kaina ya kumbura, yau Baba ya ba ni amana. Feshi kam na yi shi tsakani da Allah. Sai dai a lokacin basir ya sa ni gaba, ko benci ba na iya zama a kai. Na ce sili ɗaya ba zai rage komai ba. Na yanko daga saiwar, na dafa da jar kanwa na kurɓa. Washegari na ƙara. Na ba maƙwabcina na kasuwa labari, ashe shi ma yana fama, kafin a ce haka rabin layinmu sun ɗanɗana.

Ranar da Baba ya dawo, tsakar gida cike da 'yan sannu da zuwa. Don in burge shi na durƙusa na ce, "Baba, maganin nan naka sai godiya. Basir ɗina ya yi sauƙi ƙwarai."

Ya miƙe ya nufi darbejiya. Ya daɗe tsaye gaban icen, wanda ya koma kamar kan da wanzami ya bari rabi.

"Fure ne," ya ce a hankali. "Orkide sunanta, daga dajin Kamaru na kawo ta. A jikin ice take rayuwa, saiwar nan ita ce ganyenta, ita ce cikinta. Shekara da shekaru ina jira, sai bana ta fara toho."

Nan take Hawwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai wani dattijo cikin baƙi ya matso kusa da ni, da muryar da kowa ya ji: "Yaro, tsakani da Allah yana aiki? Akwai saura?"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma ji tausayin tsohon nan.

Baba bai yi mini faɗa ba, kuma da ma faɗan ya yi. Na dai koyi tambaya: yanzu ko tsintsiya na gani rataye a gidan mutane, sai na ji sunanta kafin in ɗora tukunya. Shi kuwa har yau, in zai shiga masallaci ina tsaye, gara ya shiga da takalmansa a hannu da ya bar mini tsaronsu.