Motar da Ba Ta Ƙara

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da aka zo ɗaukar 'yata Asabe a unguwar Jambutu, nan Jimeta. Ni na ɓata mata ranar, da hannuna.

Sai na koma baya kaɗan. A ƙauyenmu, can wajen Madagali, mutanen daji ba sa shigowa da ƙara. Tun daga nesa suke kashe baburansu, su turo su a hankali. Ranar da suka zo mana, ƙarar tayoyi a kan tsakuwa kawai na ji. Na saɓa Asabe na bi dutse. Mu biyu muka iso Jimeta. Sauran ba zan faɗa ba. Tun daga nan, duk abin da ke tafiya shiru, jikina ba ya yarda da shi.

Asabe ta girma, ta sami miji, Buba, yaron kirki ɗan unguwar Bekaji. Bappansa, wani Alhaji da ke zaune a Abuja, ya yi alkawarin zuwa da motarsa ta lantarki a ɗauki amarya. Asabe ta gaya wa duk ƙawayenta cewa ita ce amaryar farko a unguwa da za ta shiga irinta. Ni ma na ji maganar. (Na ɗauka mota ce mai fitilu da yawa. Ba wanda ya ce mini ba ta da murya.)

Ranar ɗaukar amarya, kafin magariba, ina zaune a benci can gefe, kamar yadda uba ke yi. Mata sun cika ƙofar gida, tukunyar shinkafa na kan murhu. Sai na ga baƙar mota, gilashinta baƙi, ta shigo layin tana rarrafe. Na kasa kunne. Babu inji. Tayoyi kawai a kan tsakuwa. Kuma taron mata ta nufa, inda 'yata take.

Ban yi tunani ba. Na miƙe na ce, "Bom! Ku kwanta!"

A Jimeta ba a faɗin wannan kalma sau biyu. Mata suka watse. Tukunya ta kife. Goggon ango, tsohuwa mai jiki, ta faɗa kwata da sabon leshinta. Ni kuwa na ɗauki bulo na sauke shi a gilashin gaba.

Motar ta tsaya. Ƙofa ta buɗe, ƙamshin turare ya fara fitowa, sannan Alhaji, yana kakkaɓe gilashi daga babbar rigarsa. Ya dube ni, ya dubi bulon da ke zaune a kan sitiyari.

"Malam, amarya muka zo ɗauka," in ji shi. "In ba a shirya bayarwa ba, ai da baki ma za a iya faɗa."

Daga cikin kwata Goggo ta ce, "Wannan ne surukin namu? A gaya wa Buba ya riƙa yin sallama tun daga bakin titi."

Wasu suka yi dariya. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya kama hannuna ya ce ya san daga inda na fito, a bar maganar.

Ba a saka amarya a motar da ke cike da fasasshen gilashi. Keke Napep aka tsayar. Asabe ta fito a lulluɓe, ta wuce ta gabana, aka tattara mata zani ta shiga. Amare kan yi kuka, amma na san kukan 'yata, kuma wannan ba na rabuwa da gida ba ne.

Da na je ganin ɗakinta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Baba, ai ni ka tsare." Na gode mata. Amma hoton da ke bangonta na keke ne, ita da ƙawayenta a cunkushe, kan ɗaya ma bai fito ba.

Kwanan baya Buba ya kawo mini gaisuwa, yana ba ni labarin wani sabon batir da ake shirin sa wa motoci. Wai babu ruwa a cikinsa, daskararre ne, ba ya saurin kamawa da wuta, kuma caji ɗaya zai kai mutum nesa. Ya ce in ya iso, irin motar Bappa za ta cika gari.

Na ce, "Za su riƙa ƙara?"

"A'a, Baba. Shiru za su yi."

Na gane duniya ba za ta sa wa motocinta murya saboda ni ba. Yanzu in na ga abu na tafiya shiru, nakan zauna a kan hannuwana har sai an buɗe ƙofa. Na kuma gaya wa Asabe, ranar auren 'yarta a kulle ni a ɗaki, a kwashe bulo daga ƙofar gida.