Jiran Minti Huɗu da Ya Ci Mini Kwana Uku

Ranar Litinin na ɗauko rigata ta zuwa ofis, wadda rabona da ita tun ranar da na ajiye aiki, na tafi karɓo wa jikata takardar haihuwa. Za ta zauna jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, ranar Alhamis ake rufe rajista, kuma ba a rubuta sunan kowa sai da wannan takarda. Uwarta, wato 'yata ta fari, ta so ta je da kanta, na hana ta. Na ce, "Shekara talatin da biyar na yi ina akawu. Ba a buɗe fayil ɗin da zai ɓuya mini ba tukuna. Kafin azahar na dawo." Ta ce, "To, Baba," da irin muryar da ake amsa wa marar lafiya.

Abin da ban sani ba shi ne, ofisoshi sun waye bayan tafiyarmu. Mai Girma Babban Darakta, Allah ya ƙara wa ofishinsa sanyi, ya kwashi manyan ma'aikata zuwa wani otal har kwana biyar, inda ƙwararru suka koya musu dabarun gudanarwa na zamani. Sun dawo da jakunkuna iri ɗaya, da Manufa, da Hangen Nesa, aka rubuta su a wani ƙaton allo a bakin ƙofa. A ƙarƙashinsu an sa: "Lokacin jira a wannan ofis: minti huɗu."

Na leƙa zauren ta taga. Kujeru sababbi a jere, fanka na juyawa, babu mutum ko ɗaya. Har na fara jin kunyar zamaninmu, sai na waiwaya na ga mutum kusan ɗari biyu a jingine da katanga, cikin rana. A cikinsu har da maƙwabcina mai facin taya, shi ma ya zo karɓo wa ɗansa takarda.

Ya ce, "Malam Akawu, kai ma an kawo ka?"

Na ce, "Nan ne ƙarshen layin?"

Ya ce, "Rufa mana asiri, an hana layi. Mu masu wucewa ne."

"Tun yaushe kake wucewa?"

"Yau kwana huɗu."

Mai gadi ne ya warware mini hikimar. A sabon tsari, ana fara ƙirga jira ne daga lokacin da aka miƙa wa mutum kati mai lamba. Katin kuwa ba a bayar da shi sai tebur ya zama babu kowa. Saboda haka tun da aka dawo daga otal, ba wanda ya taɓa jira fiye da minti huɗu. Tebur shida ne a zauren, amma biyu ke aiki, domin sauran akawu huɗun suna sama suna haɗa rahoton saurin aiki na kullum.

A matsayina na tsohon ma'aikaci, dole in sara wa wanda ya ƙago wannan. Mu a zamaninmu, idan layi ya yi tsawo, hanya ɗaya muka sani ta rage shi, ita ce mu sallami mutanen da ke cikinsa. Hanya ce ta jahilci, mai gajiyar da hannu da cin tawada. Bai taɓa faɗo mana ba cewa ana iya mayar da layin bayan katanga a huta.

Litinin ta wuce ina wucewa. Talata ma haka. Da na koma gida, 'yata ta ce, "Baba, azahar ɗin wace rana ka ce?" Wannan na iya haɗiyewa. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce jikar. Kullum sai ta tsokane ni da angon da ba ya cefane, amma ranar ruwa kawai ta ajiye mini, ta koma ɗaki ta rufe littattafanta. Shekara guda ta yi tana karatun jarrabawar nan.

Ranar Laraba, don rashin abin yi, na karanta allon har ƙasa. Layin ƙarshe ya ce: "Ƙorafin da aka karɓa a bana: sifili." Sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda na ɗauka ya yi ritaya tare da ni. Jama'a, ku riƙe wannan daga bakin akawu: ƙorafin baki iska ne, ko ka yini kana ihu ba ya shiga rahoto. Amma ƙorafin da aka rubuta, aka sa masa kwanan wata, aka yi shi kwafi uku, aka buga masa hatimin karɓa, wannan halitta ce da ba ta mutuwa.

Na dafa takarda a gwiwata na rubuta shi, sakin layi huɗu, cike da ladabi. Na ce wa mai gadi, "Ba karɓa na zo yi ba, wasiƙa na kawo. Tsarinku ya ce mai kawo wasiƙa ya ɗauki kati?" Ya yi tunani mai tsawo, ya buɗe ƙofa.

Sakatariya na ganin kan wasiƙar ta janye hatimi ta sa a aljihun tebur, ta buga waya. Nan da nan Jami'in Inganta Aiki ya sauko daga bene, yana tsallake matakala bibbiyu.

Ya ce, "Haba Baba, ai mu 'ya'yanka ne. In aka buga wa wannan hatimi, sifilinmu ya tafi. Ranar Juma'a ake aika rahoto sama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai kana da Juma'a, ni ina da Alhamis."

Ya tambayi sunan yarinyar. Na ba shi, na ƙara da na ɗan maƙwabcina, tun da wasiƙar tana da nauyin da za ta ɗauki biyu. Akawu huɗu suka sauko daga sama a guje. Cikin minti tara takardun biyu suna hannuna, tawada ko bushewa ba ta yi ba. Sharaɗi ɗaya ne: in janye ƙorafin, in cike fom ɗin jin ra'ayin jama'a. Gurbi uku ne a fom ɗin: "Na gamsu," "Na gamsu ƙwarai," da "Na gamsu matuƙa." Na duba bayan takardar ko akwai na huɗu. Babu.

An rubuta sunan jikata ranar Alhamis da hantsi, kuma ta koma kirana angon da ba ya cefane. Ku kuwa da kuke jingine da katangar nan har yanzu, idan kun ji an sanar cewa kashi ɗari cikin ɗari na jama'a sun gamsu da aikin ofishin, kada ku ce ƙarya aka yi. Ni ne jama'ar. Na dai zaɓi mafi ƙanƙantar gamsuwar da doka ta yarda da ita.