Kukan Jakunan Gulbin Marke

Shekara uku ke nan damina ta daina cika alkawari a Dajin Marke. Wata shekarar ta yi latti har iri ya ƙone a rami, wata kuma ta juye ruwan wata biyu a yini guda, gulbi ya tumbatsa ya kwashe rumbuna. Tasalla, wata dattijuwar jaka mai dakon kaya tsakanin kasuwanni, bara ambaliya ta tafi da ɗanta na fari tana tsaye a gaɓa tana kallo. 'Ya ɗaya ta rage mata, gidansu kuma har yanzu yana bakin gulbi.

Ƙasashe uku gulbin nan ya ratsa. Daga Tsaunuka yake gangarowa, inda Damisa take sarauta, ya bi ta Dajin Marke na Sarki Zaki Gagarau, ya ƙare a Fadama, ƙasar Sarauniya Dorina. Da koke-koke suka yi yawa, sai sarakunan uku suka kira Babban Taron Haɗin Kai Kan Sauyin Yanayi. Ministan Ruwa na Marke, wani kure mai tumbi da ake kira Mantau, shi ya zaɓi wurin taro: tsakiyar gulbin, tunda a lokacin ya ƙafe, ga yashi mai laushi, ga iska.

Tasalla ce ta ɗauko tabarmin manya. Da ta sauke, aka kora ta bayan rumfa, gindin wata tsamiya, wurin sauran jakuna. Daga nan tana jin komai.

Mantau ya miƙe ya gyara murya. "Ya ku shugabanni masu girma, baƙinmu na nesa da na kusa! Gwamnatin Mai Martaba ba ta barci a kan batun ruwa. Tuni mun kammala shirin fara nazarin yadda za a tsara shirin. Kuma kafin baɗi, da yardar Allah, kowace dabba za ta samu inuwa tata ta kanta, wadda za ta riƙa bin ta duk inda ta nufa!"

Aka yi tafi. Tasalla ta dubi inuwarta a ƙasa, ta kaɗa kunne.

Damisa ta ce tunda daga ƙasarta ruwan yake fitowa, dole a can za a gina hedikwatar ƙungiya. Dorina ta nemi a goge kalmar "ambaliya" daga takardar bayan taro, domin su a fadarta "wanka" suke ce wa abin. Zaki yana ta gyangyaɗi sai da aka zo kan wanda zai fara dangwala tafinsa a takarda, nan ya farka ya yi gurnani. A kan wannan aka shafe kwana biyu.

A gindin tsamiya kuwa hira ta yi daɗi. Akwai Nomau, wani jaki mai faɗin ƙirji daga Tsaunuka, da Gwamma, 'yar siririyar jaka daga Fadama.

"Hadari ya soma haɗuwa a wajenmu," in ji Nomau. "In ya zuba, rabin yini ruwan yake yi kafin ya iso nan. Ku na Fadama kuwa sai ya kwana a hanya."

Tasalla ta daina tauna. Rabin yini! Ashe bara akwai waɗanda suka san ruwa na tafe tun da hantsi, ita kuwa ba ta sani ba sai da ta gan shi.

"Malam Nomau," ta ce, "kukanka yana kai ina?"

"Wallahi, Yaya, in na sake shi sosai, matata kan ji daga tsauni na uku, ta ɓoye dusa."

Gwamma ta yi dariya har ta ƙware. Tasalla ba ta yi ba. Ta ce, "To a kowane tudu, daga garinku har garin su Gwamma, akwai jaki. In ruwa ya taso, na farko ya yi kuka uku ba hutawa, na biyu ya karɓa, ya miƙa wa na gaba. Wanda ya ji, ya kwashe iyali da maƙwabta ya hau tudu."

"Shi ke nan?" in ji Gwamma.

"Shi ke nan."

Ranar suka aika saƙo ta bakin jakunan fatake, Nomau kuma ya kama hanyar gida. Tasalla ta ga bai kamata a bar manya a duhu ba, sai ta tare Mantau yana fitowa daga wajen cin abinci.

"Yallaɓai, wata 'yar shawara ce game da ruwa."

"Iya, kina da katin shiga?"

"Babu."

"To ki rubuto. Kuma ki gaya wa 'yan'uwanki, kukan jaki a lokacin taro laifi ne." Ya wuce yana sakace.

Ran kwana na biyar da hantsi, sararin Marke fes, babu ko ɗigon gajimare, sai ga kuka daga arewa, can nesa, sau uku. Wani ya karɓa kusa. Tasalla ta ja numfashi ta saki nata, har tsuntsayen tsamiya suka watse. Daji ya motsa. Gafiya ta fito da 'ya'yanta a baki, barewa ta yi gaba, aka ɗora Kunkuru a bayan 'yar Tasalla yana ta faɗa wai shi ma da an bar shi zai iya.

Sai da Tasalla ta ga 'yarta a kan tudu sannan ta juyo, ta kutsa cikin rumfar taro ba kati.

"Ranku ya daɗe, ku tashi! Ruwa na tafe!"

Mantau ya leƙa sama. "Jita-jita ce ta 'yan adawa," ya ce. "A kama ta bayan an rufe taro."

Tasalla ta koma tudu abinta. Taron kuwa ba a rufe ba. Da la'asar ruwa ya iso, ja wur, da itatuwa a kansa. Damisa ta yi tsalle ta kama reshe. Dorina ta bi ruwa tana lumshe ido, ta samu abin hawa kyauta zuwa gida. Zaki da Mantau suka rungumi kututture guda, aka yi kudu da su, tabarmi na bin su a baya.

Daga Tsaunuka har Fadama, gidaje sun tafi, amma ba a yi makoki ko ɗaya ba.

Bayan kwana uku Zaki ya hauro tudun, gezarsa duk taɓo, Mantau na ɗingishi a bayansa. Suka tarar da dabbobin ƙasashen uku a haɗe, gara na gina sababbin rumbuna a sama, jakuna na jidar ƙasa ana ɗaga jingar tare ruwa a gaɓa.

Mantau ya hau wani suri. "Gwamnati na farin cikin sanar da cewa shirin gargaɗin gaggawa da ta ƙaddamar ya yi nasara!"

Babu wanda ya ɗago kai.

Zaki ya duba gabas, ya duba yamma. "Wai wa ke shugabanci a nan?"

Can Tasalla ta zo wucewa da kaya a baya, ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, ga kwando can babu mai shi. Ƙasa muke ɗiba."

Zaki ya dubi kwandon, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juya ya dubi Mantau.