Gaisuwar Surukai Bayan Hawan Dutse

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na haɗa hawan dutse da gaisuwar surukai ba. Lokacin ina aiki a Kankiya, samarin garin sun tsiro da hawa wani ƙaton dutse a hanyar Kusada, su ɗau hoto a ƙololuwa su watsa a waya. Ni ko matakalar bene sai na huta a tsakiya (tumbina kan riga ni shiga ɗaki), amma na rantse sai Hajara, yarinyar da nake nema, ta ga hotona a can sama.

Abokina Sani ya ce, "Ka hwa tuna yau za mu Bauranya gaida babanta." Na ce ai dutsen kan hanya yake. Alhali Hajara ta gargaɗe ni cewa tsohon ya taɓa sallamar wani manemi don kawai ya gaishe shi a tsaye.

Na kai ƙololuwa, rabi da ƙafa rabi da rarrafe. Hoto dai ya yi kyau. Da muka sauko cinyoyina na rawa kamar mazari, haka na zuba babbar riga muka hau babur.

Muka tarar da Baba, mahaifin Hajara, a zaure da ƙannensa. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na tsuguna, na kwashi gaisuwa. Ya ce, "Lahiya lau. Tashi ka zamna bisa tabarma, ɗana."

Na yunƙura. Ƙafafu suka ce ba su san zancen ba.

Sai na sake sabuwar gaisuwa. Yaya damina? Yaya shanu? Yaya maƙwabta? Har jakin da ke ɗaure a ƙofar gida na tambayi lafiyarsa. Gumi na tsiyaya, ina ta addu'a a zuci, sai na ji wani ƙanen Baba na cewa, "Kai, wanga yaro akwai ladabi!"

Ana cikin haka aka kira sallar la'asar, kowa ya miƙe. Na tattara duk ƙarfin da ya rage na zabura, sai ga ni rigijib a kan ƙwaryar fura da nonon da aka kawo wa baƙi. Sani, maimakon ya rufa min asiri, ya ce, "Dutse ya hau, Baba." Shi da Baba suka kama ni ta hammata suka ɗaga kamar buhun gero. Daga bayan zana na ji dariyar mata, kuma wallahi na gane muryar Hajara a ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A zaune na yi sallar nan, kusa da wani tsoho tukuf da ya yi tasa a tsaye.

Na koma gida na fidda rai. Ashe Baba ya ce wa ƙannensa, "A ba shi. Wanda ya kasa tashi gabana ba ya gudu ya bar ɗiyata."

Na dai koyi darasi: dutse ba inda za shi, a bari sai bayan ɗaurin aure. Har yau in na je zan tsuguna, Baba kan ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan, ɗana, bayana bai iya ɗaukarka yanzu."